Daga Elementare Zuwa Aji Shida: Tarihin Abin da Yaran Ƙasar Gumel Ke Koyo

Gabatarwa

  Muna miƙa gaisuwar ban girma ga 'yan'uwanmu 'yan asalin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda aikin gwamnati ko fatauci ko neman ilimi ya zaunar da su a Kano da Kaduna da Abuja da Legas da sauran birane.

Duk lokacin da 'yan'uwa suka zo gida hutun salla, tambayar da suka saba yi mana ita ce, "Malam, yaya makarantun namu?" Idan muka saurara da kyau, sai mu ga galibi gini suke nufi: ko iska ta yaye kwano, ko akwai kujeru, ko an kewaye makaranta da katanga. Waɗannan duka abubuwa ne masu muhimmanci. Amma da wuya mu ji wanda ya tambayi abin da ake koya wa yaron da ke zaune a ƙarƙashin wannan kwanon. Wannan ne ya sa muka zaɓi mu waiwayi tarihin darussan da ake koyarwa a manyan azuzuwan firamare, wato aji huɗu zuwa aji shida, inda yaro ke tsakanin shekara tara da sha biyu. Dalilinmu kuwa shi ne, yara da yawa a karkararmu, musamman mata, iyakar bokonsu ke nan. Abin da suka fita da shi daga waɗannan azuzuwa uku shi ne guzurinsu har tsufa.

Kafin Zuwan Boko

Boko bai tarar da mu a cikin duhu ba. Masarautar Gumel, wadda Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa suka kafa wajen 1750, ta daɗe a ƙarƙashin inuwar Barno, ƙasar da ta shahara da karatun Alƙur'ani. Yaro ɗan shekara goma a wancan zamani ya wuce babbaƙu da farfaru, yana rubuta allonsa da kansa, ya iya feƙe alƙalami da haɗa tawada. Sana'ar gidansu kuwa, ko noma ko kiwo ko ƙira ko jima, a hannun mahaifinsa yake koyonta. Lissafi kuma kasuwa ce makarantarsa.

Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya biyo ta Gumel a 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa, ya kuma tarar da ita babbar kasuwar kanwa. A lokacin da wuri ake ciniki, kuma wuri dubu ashirin ne ke cika keso ɗaya. Wanda ke ƙirga irin wannan kuɗi, ya fitar da la'adar dillali, ya ware kuɗin fito da na masauki, ba a ce masa bai san lissafi ba. Muna so a riƙe wannan magana, domin za mu komo kanta.

Zamanin Elementare da Midil

A 1903 Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi Turawan Ingila, aka sanya masarautar cikin Lardin Kano. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, Kano. Daga wannan tushe ne makarantun elementare na En'e suka riƙa yaɗuwa a hankali zuwa manyan garuruwan lardi.

Manufar Turawa ba ɓoyayyiya ba ce. Suna bukatar malaman haraji da malaman asibiti da na gona da na daji, da magatakarda a fadar hakimai. Saboda haka aka tsara elementare ta shekara huɗu, da Hausa ake koyar da komai: karatu da rubutun boko, lissafi, addini, tsabta, labarin ƙasa, aikin gona da sana'ar hannu. 'Yan ƙalilan da suka yi fice su ake tura wa Makarantar Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa, a can ne Turanci ke kankama. Zaƙaƙurai daga cikin waɗannan kuma su wuce Kwalejin Katsina.

Abin da ya ba karatun wancan zamani ƙarfi shi ne littattafai. Ofishin Talifi na Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ya shirya gasar rubutu a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya aka sami Magana Jari Ce, sannan a 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Har ilimin halittu an rubuta shi da Hausa a littafin Ikon Allah. Yaron da ya gama aji huɗu na elementare yana da abin karantawa a harshen da yake mafarki da shi, shi ya sa hannunsa ke faɗawa da wuri.

Duk da haka iyayenmu ba su yi maraba da boko ba. Kamu ake yi ta hannun dagatai da masu unguwa, wasu iyaye kuma su ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su gabas karatu. Abin da ya fara sauya tunanin mutane shi ne ciniki. Da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Gagarawa ta isa Nguru a 1930, gyaɗa ta zama kuɗi, manomi ya ga da idonsa cewa wanda ya iya karanta sikeli da rasit shi ke cin guminsa. Daga nan aka fara fahimtar cewa gida yana bukatar ko da mutum ɗaya mai karanta takarda.

Siniya Firamare: Abin da Muka Tarar

Mu da muka shiga makaranta a ƙarshen shekarun 1960 mun tarar da firamare ta shekara bakwai: ƙananan azuzuwa huɗu, sannan siniya firamare daga aji biyar zuwa bakwai. Ba kowane gari ke da siniya ba, don haka yaron ƙauye kan bar gidansu ya koma babban gari, ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ko a gidan wani ɗan'uwa.

Ranar makaranta da duba tsabta take farawa: farce da haƙora da kai da tufafi. Ana shiga aji sai lissafin ka, malami na jefo tambaya yaro na amsawa a tsaye, ba alli ba takarda. Bayan lissafi sai Turanci, da shifta da insha'i da rubutun wasiƙa. Akwai labarin ƙasa, inda muke zana taswirar lardi da hannunmu, mu sa koguna da hanyar jirgi. Akwai tarihi, da addini, da kiwon lafiya. Da yamma sai gonar makaranta ko aikin hannu, mu tufka igiya, mu saƙa tabarmar kaba, mu ɗaura tsintsiya. Darussan ba su da yawa, amma kowanne ana nanata shi har ya zauna.

Lissafin kuɗi shi ne dodon ɗalibai. Kwabo sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam, ga taro ga sisi ga nai a tsakani. Idan malami ya ce buhu ɗaya fam uku da sule bakwai da sisi, nawa ne buhu huɗu, sai yaro ya ninka sisi ya mayar sule, ya ninka sule ya mayar fam, kafin ya kai ga amsa: fam sha uku da sule goma. Haka awon tsawo: inci sha biyu ƙafa, ƙafa uku yadi, yadi 1,760 mil. Muna manyan azuzuwa aka wayi gari ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Wancan lissafin da ke cinye rabin allo ya koma layi ɗaya: naira shida da kwabo saba'in da biyar sau huɗu, naira ashirin da bakwai. A wannan shekarar mu yara muka zama malaman iyayenmu a kasuwa, domin mu ne muke fassara musu sabon kuɗi. Ba mu taɓa ganin ranar da dattawa suka girmama boko kamar wannan lokaci ba, saboda abin da aka koya da safe ya yi amfani da yamma.

Ba za mu ce komai na wancan zamani alheri ne ba. Bulala ta yi yawa, har ta kori yara masu basira. Mata a aji ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Kuma waɗanda suka sami shiga makarantar ma 'yan kaɗan ne a cikin sa'o'inmu. Ingancin da muke tinƙaho da shi inganci ne na tsiraru.

Guguwar UPE

A 1969 aka yi babban taron ƙasa kan manhajar karatu a Legas, inda aka amince cewa ilimin da Turawa suka bari bai dace da bukatun ƙasa mai 'yanci ba. Wannan taro ne ya share fagen Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977. Kafin nan, a watan Satumba na 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan uku suka bayyana. Firamare ta koma shekara shida, kuma daga 1982 aka shiga tsarin 6-3-3-4.

A ƙasarmu, UPE ce ta kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, kuma wannan alheri ne da ba za a manta ba. Sai dai an gina azuzuwa kafin a tanadi malamai. Aka buɗe kwalejojin horon malamai cikin gaggawa, aka taƙaita horo, aka ɗauki malaman wucin gadi. Mu kanmu 'ya'yan wannan zamani ne, daga kwalejin horon malamai muka fito da takardar shaida mai daraja ta biyu, aka miƙa mana aji mai yara fiye da waɗanda murya ɗaya za ta iya riƙewa. A shekarun nan ne kuma tsohuwar Jihar Kano ta kafa babbar kwalejin horon malamai a Gumel, wadda a yau ita ce Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa.

Darussa ma sun sauya fuska. Aka narkar da tarihi da labarin ƙasa da ilimin zama ɗan ƙasa cikin darasi guda, Nazarin Zamantakewa, wanda yara ke kira soshiyal. Nazarin halittu ya zama kimiyyar firamare. An ma gwada wani salo da ake kira lissafin zamani, ya rikita malamai da ɗalibai, aka soke shi a 1977. Da arzikin man fetur ya ja baya a shekarun 1980, littattafan kyauta suka ɗauke, albashi ya riƙa makara, gonar makaranta ta koma fili. Aikin hannu kuwa, a wurare da dama, ya zama yaro ya sayo tsintsiya a kasuwa ya kawo a ba shi maki.

Daga UBE Zuwa Manhajar 2025

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, harkar makarantunmu ta koma Dutse daga Kano. Ranar 30 ga Satumba, 1999, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta mayar da ilimin tushe shekara tara: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kwalejojin da suka horar da mu aka rufe su ko aka mayar da su sakandare.

Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja da aka fara aiki da ita a 2008. Darussa suka yi yawa har jakar yaro ta fi ƙarfinsa, sai aka sake dubawa aka cure wasu cikin wasu, aka fara aiki da gyararriyar a 2014. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da wata sabuwar. A ƙarƙashinta ɗan aji huɗu zuwa shida zai koyi Turanci, da Lissafi, da harshen gida, da Kimiyya da Fasaha, da Motsa Jiki da Kiwon Lafiya, da sanin makamar kwamfuta, da Addini, da Tarihin Nijeriya, da Zamantakewa da Zama Ɗan Ƙasa, da Al'adu da Fasahar Ƙirƙira, da share fagen sana'a. Faransanci da Larabci kuwa zaɓi ne.

Idan aka buɗe littafin manhaja, abin sha'awa ne. A lissafi ana so yaro ya ƙirga har miliyoyi, ya san kason lamba da kashi cikin ɗari, ya fitar da riba da faɗuwa, ya auna faɗin gona da cikin tanki. A kimiyya ana so ya san sassan jikinsa, da yadda ake tsabtace ruwa, da ire-iren ƙasar noma, da illar sare itatuwa, darasin da ya shafe mu kai tsaye, mu da muka ga farin 1973 da na 1984, muke kuma kallon rairayi na matso gonakinmu. A takarda, ɗan aji shida na yau ya fi mu sani nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce, nawa ne daga ciki ke sauka daga takarda ya shiga kan yaro?

Aji Huɗu, Ƙofar da Ake Maƙalewa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da yaro da harshensa a azuzuwa uku na farko, daga aji huɗu Turanci ya karɓi ragama. A nan ne gizo ke saƙar. Yaron Kaduna ko Abuja yana jin Turanci a talabijin da bakin maƙwabta. Yaron ƙauyen Sule Tankarkar kuwa ba ya jin sa sai a bakin malami, na 'yan mintoci a rana. Rana ɗaya sai a ce kimiyya da lissafi da soshiyal duk da Turanci ne. Idan bai riga ya iya karatu da Hausa ba, ba shi da tsanin da zai taka. Sai ya koma kwafe abin da ke kan allo kamar mai zanen hula, littafinsa cike da rubutu mai kyau, amma bai san abin da ya rubuta ba.

A wata makaranta da muka taɓa riƙewa, wani dillalin shanu ya zo ofis da ɗansa ɗan aji biyar. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, na zo in karɓi yarona. Shekara biyar yana zuwa nan, na ba shi takardar asibiti ya karanta mini ya kasa. Ƙanensa da ke bi na kasuwa kuwa, da ka yake canza sefa." Muka ce, "Alhaji, a yi mana haƙuri kaɗan." Muka rubuta wa yaron tambayar riba da faɗuwa da Turanci, ya yi shiru yana kallon ƙasa. Muka sake yi masa ita da Hausa, da bijimi da la'ada da kuɗin mota, kafin mu rufe baki ya ba da amsa daidai. Yaron ya san lissafi, harshe ne ya tare masa hanya. Mun roƙi mahaifin ya bar shi, ya bar shi zango ɗaya, daga baya ya janye shi. Har yau ba mu ga laifin Alhaji ba, domin ya auna mu da ma'aunin da ya dace, mu ne muka gaza.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. An kuma daɗe da gwada magani. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci na shekara shida, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973. A Nijeriya, a watan Nuwamba na 2022 gwamnati ta amince a koyar da harshen gida har aji shida, sai kuma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan manufa, aka tsayar da Turanci. Ba mu da ikon sauya abin da aka yanke a Abuja. Amma shekarun da muka yi da alli a hannu sun koya mana cewa yaron da ya iya karanta Hausa a aji uku shi ne ke saurin kama Turanci a aji biyar.

Kasuwar Alhamis da Darasin da Ya Ɓata

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari na cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar da wasu ƙasashe, motoci na lodi zuwa kudu. A can za ka ga yaron da bai taɓa zama a aji ba ya san dala sefa biyar ce, jaka kuma sefa dubu, ya mayar da jaka ɗari biyu zuwa naira a farashin ranar, ya cire la'ada. Jikan masu ƙirga wuri ne, gadon bai ɓata ba. Abin takaici shi ne makaranta da kasuwa suna gari ɗaya amma ba sa gaisawa. Malamin da zai koyar da kashi cikin ɗari da buhun riɗi da tiyar zoɓo ya fi wanda zai kwafo misalin da aka rubuta don yaran Legas.

Haka batun yake a tarihi. Manhajar da aka fara a 2008 ba ta ba tarihi gurbin kansa ba, kuma sai bayan shekaru ana koke aka dawo da shi. A tsakanin nan an yaye yara da dama da ba su san cewa Gumel ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba, ko cewa tsohuwar hedikwatar masarautar, Tumbi, tana cikin Jamhuriyar Nijar a yau, daga can aka dawo Gumel wajen 1845. Ba su san cewa iyakar da ta raba mu da dangi a Dungas da Magarya, Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na ashirin ba. Yaron da ya san wannan zai fahimci abin da ya sa rufe iyaka a 2019 da kuma 2023 ya taɓa tukunyar gidansu. Yanzu da tarihi ya dawo, manhajar ƙasa za ta ba shi labarin Nok da Benin da Barno, amma labarin Lautai sai mu ne za mu rubuta masa.

A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa yankin ciniki maras shinge a Maigatari, da fatan jawo masana'antu da masu fitar da kaya waje. Duk ranar da wannan fata ya cika, za a nemi akawu da ma'aji da mai awo da tafinta mai jin Faransanci. Idan yaranmu ba su iya cike takarda ba, daga wani wuri za a kawo masu yi, namu su tsaya a dako da gadi a ƙasar kakanninsu.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Tarihin nan ya nuna cewa manhaja daga nesa take zuwa: daga Kano, daga Kaduna, daga Legas, yanzu daga Abuja. Amma abin da ke faruwa a cikin aji a hannunmu yake. Saboda haka muna ba ƙungiya da ɗaiɗaikun 'yan'uwa shawarwari kamar haka.

Na farko, duk wanda ya zo gida ya ware sa'a ɗaya ya shiga makarantar da ta yaye shi, da izinin hedimasta, ya miƙa wa ɗan aji biyar littafin Hausa da na Turanci ya ji karatunsa. Abin da kunnensa zai ji ya fi kowane rahoto.

Na biyu, a cikin kuɗin da muke tarawa don gini, a ware kaso don littattafan karatu. Akwati guda na littattafan labarai a kowane aji huɗu bai kai kuɗin katanga ba, amfaninsa kuwa ya fi nata daɗewa.

Na uku, masananmu da ke jami'o'i su haɗa kai da fada da dattawa su rubuta ɗan ƙaramin littafin tarihi da labarin ƙasar Gumel, da Hausa mai sauƙi, tun masu riƙe da labarin suna raye.

Na huɗu, a kafa gasar karatu da lissafin ka ta shekara-shekara tsakanin ƙananan hukumomin nan huɗu, a ba yara mata kyauta ta musamman, a kuma karrama malamin da ajinsa ya yi fice, domin yaba kyauta tukwici.

Na biyar, a tallafa wa 'ya'yanmu masu karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel, bisa alkawarin za su koyar a ƙauyukansu na wasu shekaru.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, yawancinmu daga waɗannan azuzuwa muka tashi, a kan tabarma ko a kan benci, har muka kai inda Allah Ya kai mu. 'Ya'yanmu na birni suna da makarantun kuɗi da malamin gida, 'ya'yan 'yan'uwanmu na gida kuwa ba su da wata sai wadda muka baro. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekara tara zuwa sha biyu ita ce ɗanyantakar. Ma'aunin da dillalin nan ya auna mu da shi har yanzu shi ne ma'auni: yaro ya gama aji shida ya karanta wa mahaifinsa takardar asibiti, ya yi masa lissafin cinikinsa, ya kuma faɗa masa tarihin garinsu.